Ranar da Muka Ce wa Baƙo Babu Komai

Duk wadda ta yi ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can gefen Kafin Maiyaƙi, ta san Malama Asabe. Gajeriya ce, ga faɗan tsiya. Ita ce mace ta farko a unguwarsu da ta zama malamar boko, kuma abin taƙamarta ɗaya ne: ɗalibanta mata ba su san rashin kunya ba. Babba ya tambaye ki, ki sunkuyar da kai ki ce lafiya lau.

Ni Rashida, ita ta naɗa ni shugabar ɗalibai mata, wai don muryata na kaiwa har ƙarshen aji.

A shekarar, makewayin mata ya yi damina biyu a rushe. Gonakin dawar mutane muke shiga, masu gona na koro mu da zagi. Manyan cikinmu kuwa, in al'adarsu ta zo, sai zaman gida. Ƙawata Sumayya, babanta ya rantse in ba a gyara ba kafin hutu, ita da boko sun yi sallama.

Ana haka sai aka ce baƙo zai zo daga wata ƙungiya mai taimaka wa makarantu, kuma daga bakin ɗalibai yake son jin buƙatarsu. Na rubuta jawabina na kai wa Malama. Tana karantawa ta zaro ido.

"Ke! Maganar bayan gida za ki yi gaban baƙo namiji? Da wane bakin? Yi masa maraba kawai, ni zan same shi daga baya."

Ranar taro baƙon ya dube ni ya ce, "'Yata, me ke damunku?" Na saci kallon Malama, ta ɗan girgiza kai. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Babu komai, ranka ya daɗe."

Shugaban maza ya yi wuf ya miƙe, ya ce ba su da ƙwallo da raga. Aka rubuta.

Malama ta cika alkawari, ta bi baƙon har bakin mota. Ina tsaye ina ji. Ta buɗe baki, ta rufe, ta gyara mayafi. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kai ku gida lafiya."

An kawo ƙwallo da raga. Sumayya ba ta dawo ba.

Daga nan Malama ta canza. Kowace Litinin sai ta tsayar da yarinya guda gaban makaranta ta faɗi abin da ya lalace, da ƙarfi. Wadda ta yi ƙus-ƙus ta maimaita. Iyaye suka ce ta fitsare musu yara, ta yi kunnen uwar shegu. Bayan shekara huɗu wata Humaira, 'yar aji ɗaya, ta faɗa wa taron iyaye maganar ƙiri-ƙiri, aka gina makewayin.

Yanzu Malama ta yi ritaya. Sumayya na tuyar awara a bakin kasuwa, ni kuwa zagaye nake yi ta lungun masu gyaran babur don kada mu haɗa ido. Rannan a lungun na yi kiciɓis da Malama, ta dafa bango tana haki. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta dube ni, ta dubi inda hayaƙin awarar ke tashi.

Ta ce, "Ashe ke ma ta nan kike bi?"