Jaririn Ƙofar Gidan Shayi

Ni ba na fita yawo babu tsari. Da 'yata ta ɗauke ni daga Greensboro, inda muke zaune, zuwa birnin Copenhagen hutu, tun a jirgi na shimfiɗa mata sharaɗi: mu fara da bakin ruwa, sai lambun sarki, sannan unguwanni.

Haka aka yi. Muka ga gidajen bakin ruwa, wannan ja, wancan rawaya, kamar an jera atamfofi a shago. A lambu muka ci burodi a kan ciyawa, mutane kwance ko'ina suna shan rana. Kekuna kuwa sun fi motoci yawa. Har tsohuwa sa'ata na gani tana tuƙi, da kayan miya a kwando.

Da muka shiga wata unguwa mai ƙananan shaguna, sai na ga keken jarirai a ƙofar gidan shayi, babu kowa kusa. Na leƙa. Jariri ne a ciki, a lulluɓe, yana barci.

Na tsaya.

"Mama, mu tafi," in ji 'yata. "Al'adarsu ce. Iyayen suna ciki."

"Ke kin gan su?"

"Haba Mama, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Raino nake yi a unguwar Glenwood ta Greensboro tun kina firamare. Can ko a mota ka bar yaro, sai 'yan sanda sun zo. A zangonmu na gida kuwa da tuni wata ta goya shi."

"To, Hajiya mai gadi, in samo miki kulki?"

Ban kula ta ba. Na koma ta gefen titi, na shiga tsakaninsa da masu kekuna.

Can sai wata doguwar mata ta fito da kofin shayi, ta miƙa mini. Uwarsa ce. Ta ce tun ɗazu take kallona ta taga, kuma yaron ya fi yin barci a iska. Na karɓi shayin, amma sai da na faɗa mata da Turanci: na ɗaya, bargon ya zame, na biyu, taga ba ta da hannu.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce bakin tafki za su je, ko zan tura keken?

Na tura. Agwagi na bin mu a ruwa, 'yata na ɗaukar hoto. A tsakiyar hanya ya farka, ya ƙura wa ɗankwalina ido, sannan ya kama yatsana ya ƙi saki.