Na Yi Wa Cinyata Kwalliyar Hoto

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a tafiyar nan ni ne wawan. Ni da na taɓa firamare, ni da nake karanta wa unguwa rubutun jikin kwalbar magani.

Mun tashi da asuba daga Song, ni da 'yata ta fari, malamar makaranta a Jimeta, wadda ta zo takanas ta ɗauke ni. Dalilin tafiyar ba na wasa ba ne. Tun damina cinyoyina suka fara yi mini gardama. In na yi sujada, ba na tashi sai na dafa bango. A masallaci har an fara turo mini kujera, ni kuwa na ce ba zan yi salla a zaune kamar alƙali ba. Likitan garinmu ya ce ciwon ba a ƙashi yake ba, a tsoka yake, sai an je Yola an ɗauki hoto.

Hoto! To ai na san hoto. Na ɗauko babbar rigata ta Salla, na kafa hula, na ɗaura agogo, na sa zobe, na fesa turare. 'Yata ta dube ni sama da ƙasa, ta yi gaba.

Hanya dai kun san ta, rami na miƙa ka ga rami. A Girei muka tsaya sayen ƙosai, na tarar ya yi tsada kuma ya rame, kamar ciwonmu ɗaya. Da muka hau gadar Binuwai kowa na kallon masunta a kwalekwale, ni ina ta matsa cinya ina tambayar direba ko mun kusa. A gidan 'yata da ke unguwar Luggere a tsaye na sha kunun gyaɗa, don na san in na zauna tashi aiki ne. Muka tari keke sai asibiti.

Wata nas ce ta karɓe mu, 'yar kudancin jiha, da Hausarta irin ta Jimeta.

"Baba, cire riga, cire agogo, cire zobe. Wannan inji ba ya son ƙarfe."

"Yarinya, hoto fa aka ce."

"Eh, hoton cikin nama. Fuska ba ruwanmu da shi."

Aka ba ni wata riga mai tsaga a baya, aka tura ni cikin wani bututu mai ƙara kamar injin markaɗe, aka ce kada in motsa. Nan take hancina ya fara ƙaiƙayi. Na motsa. Aka koma farko.

Likita ya nuna mini hoton, toka-toka da fari-fari. Ya ce farin nan alamar kumburi ce, kuma daidai nan za su ɗebi tsoka gobe a gwada. Tsoka! A gidanmu tsoka ita ce wadda ake sa wa baƙo a miya. Sai na hango cinyata a faifan mai tsire. Da muka koma gidan 'yata, na ƙarasa yinin ina zagaya tsakar gida ina shafa ta, ina yi mata ban kwana.

Da safe aka yi allurar kashe zafi, aka ɗan tsaga, aka ɗinke. Abin da suka cira bai kai ƙwayar wake ba, har na ji kamar an raina ni. Likita ya ce za a aika da shi a duba: in kumburi ne kawai, akwai magani, ƙarfi na iya dawowa; in wani iri ne, sai dai lallaɓawa. Wannan magana ita ta biyo ni mota har Song, ta hana ni ganin gada da ƙosai.

Yanzu ina gida ina jiran waya. Kowace salla ina gwada tashi ba dafa bango, ina kasawa. Abin da na koya: in likita ya faɗi kalmar da ka sani, nan ne za ka tambaye shi me yake nufi.

Jiya 'yan dubiya sun cika zaure, ina ba su labari, tsokar ta girma ta kai rabin cinya. Sai mai ɗakina ta ajiye buta a bakin ƙofa ta ce:

"Malam, ai sun yi kuskuren wuri. Da harshenka suka gwada, da tuni an sallame ka."