Gyaɗa ta Huɗu

A gidanmu na Guci ba a jin tatsuniya hannu na zaune. In kana son ji, sai ka durƙusa gaban gyaɗa ka yi ta ɓara. Kakarmu Iya Dela, mahaifiyar babanmu, ƙuli-ƙuli take yi tana kai wa kasuwa, kuma ba ta yarda da zaman banza ba ko da na sauraro ne. Lokacin sanyi, da an gama tuwon magariba, sai ta jawo buhu ƙofar ɗakinta, ta hura 'yar wuta a kasko, ta ajiye babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da tsibinsa. Ɓawon da muka ɓare shi ake zuba wa wutar, saboda haka wanda ya yi lalaci ya ji sanyi, ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Shekarata goma sha ɗaya ko sha biyu a lokacin. Ƙanena Mutari bai wuce biyar ba, kuma shi ba a ba shi tsibi. Wurinsa jikin cinyar Iya ne, ta hagu, yana lulluɓe da gefen zanenta. Maigidana take ce masa, irin tsokanar kaka da jika. Ni kuwa Zuwaira take kirana, ba ragi ba ƙari, kuma in ta kira, yawanci aike ne. Ba zan ɓoye ba, abin yana cin raina.

Iya ba ta duban hannunta in tana aiki. Ta ɗauki gyaɗa, ta danna da babban yatsa, ƙas. Ta buɗe da manuni, ƙwayoyin su faɗa ƙwarya, tak. Ƙas, tak. Ƙas, tak. A kan wannan sautin muryarta take hawa. Sai ta bari mun yi nisa da aiki, sannan ta yi gyaran murya ta ce, “Wata baƙuwa tana sallama.” Mu kuwa mu haɗa baki mu ce, “Ta shigo, akwai wuta.”

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta makaɗin gurmi. Wai wani mutum ne ya gaji gurmi a wurin ubansa, amma hannunsa ba daɗi. In ya kaɗa, ko awaki tashi suke yi su canza inuwa. Da abin ya ishe shi sai ya rataya gurminsa ya tafi neman aron kiɗa. Ya tarar da turmi ana lugude, ya roƙa, turmi ya ara masa bugunsa. Ya je bakin rijiya, guga ya ara masa kukan da igiya take yi a kan itace. Kurciya ta ara masa ɗan kukanta na hantsi. Kowa abu ɗaya yake ce masa, “In ka tashi kiɗa gaban jama'a, ka kira sunana.”

A hanyar komowa ya gamu da hawainiya a reshen sabara, ta ɗaga ƙafa ɗaya ba ta ajiye ba. Ta ce masa, “Ni ba ni da murya, amma ga tsayawata, ka sa ta tsakanin bugu da bugu.” Ya karɓa don dai kada ya kunyata ta, ya wuce yana dariya a ciki. Da ya taɓa gurmi sai ga kiɗa ya zauna daram. Aka gayyace shi biki, fili ya cika, ya soma waƙar godiya. Nan ne Iya take sauya murya ta rera, hannunta na tafiya tare da baitin:

Turmi ya ba ni, na gode,
Guga ya ba ni, na gode,
Kurciya ta ba ni, na gode.

Daga nan sai shiru, domin makaɗin bai kira hawainiya ba. A ganinsa ba ta ba shi komai ba. Sau uku yana zagayo waƙar yana tsallake ta. A na uku ta sauko daga reshenta ta karɓe abinta. Hannunsa ya ƙi tsayawa. Bugu ya hau kan bugu, masu rawa suka rasa inda za su ajiye ƙafa, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiya ta tsinke, yatsunsa suna ta motsi a kan fatar gurmi. Iya ta ce shi ya sa har yau hawainiya take ɗaga ƙafa ta daɗe ba ta taka ba, tana riƙe da kayanta ne kada wani ya sake ara. Sai ta karkaɗe zane ta ce, “Baƙuwa ta tafi, ta bar mana ɓawo.”

Matsalar ita ce Mutari. Yaron ba ya iya jure shirun nan. Da Iya ta kai kan kurciya, tun kafin labari ya zo wurin, sai ya zabura ya ce, “Saura hawainiya!” Ya ɓata mana tatsuniya ba sau ɗaya ba. Mun harare shi, mun mintsine shi, a banza. Iya ce ta samo magani. Baiti na ɗaya, ƙas, tak. Na biyu, ƙas, tak. Na uku haka. A na huɗu sai ka ji ƙas, amma ba ka jin tak, don gyaɗar ba ta faɗa ƙwarya ba, bakin Mutari ta shiga. “Rufe mini wannan ƙofar, maigidana,” in ji ta. Kafin ya tauna ya haɗiye, shirun ya yi aikinsa. Ni ina gefe ina ƙirgawa. Duk daren da aka yi makaɗin gurmi, Mutari ya ci uku, ɗaya a kowane zagayen waƙar, ni da nake ɓarar tsibi guda ban ci ko ɗaya ba, don in ka kai hannu baki sai ka ji rankwashi.

Iya ta rasu da damina, Mutari yana shirin shiga lakwal, wato makarantar boko. Ba mu da hotonta, balle muryarta.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal a Dungas, na yi aure, 'ya'yana huɗu. Mutari kuwa tun da ya tafi lise, wato babbar sakandare, a Damagaram ya haɗu da gita, bai sake rabuwa da ita ba. Ba irin ta lantarki ba, ta katako mai rami a ciki. Kuma ba ya amfani da 'yar robar nan da ake karta ta da ita, yatsunsa yake sawa. Babban yatsa yana riƙe da manyan tsirkiyoyi, sauran suna amsa masa a kan ƙanana, har ka rantse mutum biyu ne suke kiɗa. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji. Da ya ga yaron bai bar salla ba, bai bar aikinsa ba, sai ya zuba masa ido.

Bara ya gama haɗa faifansa na farko, kiɗa tara, babu waƙa ko ɗaya. Kafin ya fito, wani gidan rediyo a Magariya ya yi hira da shi. Ina zaune ina duba kayen 'yan ajina, wato littattafan aikinsu, na ji mai tambaya ya ce, “A ina ka samo wannan salo?” Mutari ya gyara murya kamar wani babban mutum. Ya ambaci masu gurmi da yake bi a filin kokawa. Ya ambaci wani tsoho mai molo a Danciyawo da ya koya masa ɗaure tsirkiya ƙasa-ƙasa. Ya ambaci masu gitar Agadas, da na Mali, da wasu baƙaƙen Amurka na da can da yake ji a katin salularsa. Duk gaskiya ne, na sani. Amma na ajiye jan biro ina jira, har aka rufe shirin ban ji sunan gidanmu ba. Ban san ma abin da nake so ya faɗa ba. Raina dai ya sosu.

Da yamma ya turo mini kiɗan duka a salula. Na kunna ina tsintar shinkafa. Na ji gurmi a na farko, na ji tafiyar raƙumi a na uku, na ce ba laifi. Da na bakwai ya soma sai hannuna ya tsaya a tire. Babban yatsa ya buga, ƙarami ya amsa. Ya buga, ya amsa. Ya buga, ya amsa. Ya buga na huɗu, shiru. Sannan ya sake zagayowa. Na maimaita shi ya fi sau biyar, shinkafar nan sai 'yata ce ta ƙarasa.

Washegari ya kira. “Yaya Zuwai, kin saurara?”

“Na saurara. Na bakwai ɗin nan, me ka sa masa suna?”

“Ba shi da suna tukuna. Shi ne ma yake ba ni ciwon kai. Mai sitidiyo ya ce akwai giɓi a ciki, wai kamar na manta bugu ne. Ni ma na rasa daga ina ya zo, hannuna ne kawai yake ƙin taɓawa a wurin. Ran Litinin za mu sake ɗauka in cike shi.”

“Kada ka taɓa shi.”

“Yaya, ke da ba ki san gita ba?”

“Ban san ta ba. Ka zo Dungas ran Asabar, ka zo da ita.”

Ya yi ta ƙorafin hanya da aiki. Na ce masa ni na goya shi, ba roƙonsa nake ba.

Ya iso bayan la'asar a kan babur ɗin haya, kabu-kabu, gita rataye a baya, gemu ya cika masa fuska. Na riga na sayo tiya guda ta gyaɗa mai ɓawo. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye ƙwarya tsakanin ƙafafuna, na nuna masa gefena na hagu. Ya dube ni kamar wadda ta taɓu, amma ya zauna. Na ce ya kaɗa na bakwai. Ya soma, ni ma na soma. Ƙas, tak. Ƙas, tak. Muryata ba ta kai ta Iya ba, amma na rera masa turmi, na rera guga, na rera kurciya. A na huɗu ya buga babbar tsirkiya, na danna gyaɗa, ƙas, na tura masa ita a baki.

Hannunsa ya sauka daga kan gitar. Ya daɗe bai tauna ba. Sannan a hankali, gyaɗar na bakinsa, ya ce, “Saura hawainiya.”

Na ce, “Ashe ka tuna.”

“Ban tuna ba, Yaya. Bakina ne ya faɗa.” Ya sunkuyar da kai. “Ni fa ko fuskarta ba na iya gani. Na sha gwadawa. Na ɗauka ba abin da ya rage mini nata.”

Nan haushin da na kwana biyu da shi ya tafi, tausayi ya maye wurin. Na ba shi labarin daga farko: kasko, buhu, baƙuwa mai sallama, rankwashi. Na gaya masa har da ƙirgen da nake yi masa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe shekara da shekaru ina riƙe da shi kan gyaɗa uku. Na ce uku a kowane dare, kada ya rage.

Ran Litinin ya je sitidiyo bai sake ɗaukar komai ba. Faifan ya fito da giɓinsa. A jikin kwalin, bayan masu gurmi da mai molo da mutanen Agadas, ya rubuta sunan Iya Dela ta Guci, mai ƙuli-ƙuli. Babanmu, da bai taɓa sauraron gitar ɗansa da gangan ba, ya sa aka karanta masa layin nan sau biyu, sannan ya ce a kunna masa na bakwai.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar makaɗin gurmi gargaɗi ce ga mai butulci, kuma da na ji hirar nan a rediyo, a wannan sahun na sa ƙanena. Yanzu na sassauta. Mutum yana iya lissafa waɗanda ya je wurinsu da ƙafarsa ya koya. Abin da aka sa masa a baki yana ɗan shekara biyar, jikinsa a ɗumin zanen kakarsa, bai san an ba shi ba balle ya gode. Sai in akwai wani a gefe da ya gani. Ashe zaman da na yi a can nesa da cinyar Iya, ina ɓara ina harara, shi ma da amfaninsa. Shi aka ba gyaɗar, ni aka bar wa labarin, kuma da ɗayanmu bai zo wurin ɗaya ba da an cike giɓin nan ran Litinin.

Ragowar tiyar nan ta daɗe a ɗakina. Wani lokaci in na dawo daga lakwal na gaji, nakan ɗebo kaɗan, in kunna na bakwai, in zauna ina ɓara. Uku suna faɗawa ƙwarya. Ta huɗu kuwa tawa ce, kuma ba mai yi mini rankwashi.