Sunan da na faɗa wa dutsen niƙa

Na ga abubuwa da yawa a duniya, wasu sun bi ruwa, amma akwai guda da zan tafi da shi har kabari: lokacin da muryata ta fita gari ta bar ni a ɗaka, ɗauke da sunan da ban taɓa faɗa a gaban mutum ba.

Ku bari in ɗauko daga tushe. A ƙauyukanmu na ƙasar Boɗinga, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban jama'a. Nawa tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, in zancensa ya kama sai in ce "yaron can". Haka na tarar, haka na yi, har ana misali da ni wajen kunya.

A ƙarshen mulkin farar hula na wancan zamani, ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Rumbu ya koma gidan ɓera, sabulu ma sai an yi layi a birni. Yaron can, gemu bai fito masa ba, ya bi manya cin rani Kurmi. Ranar tafiya ya durƙusa a bakin ƙofata ya ce, "Inna, zan tahi." Na ce, "To." Ban ɗago kai ba. Damina ta kewayo, abokan tafiyarsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, shi shiru.

Wata rana da hantsi ina niƙa 'yar dawar da ta rage, a zatona gidan ba kowa, sai zuciyata ta cika ta tumbatsa. Na kama waƙa ina bin tafiyar dutse. Na ce wa dutsen shi kaɗai zai ji, na ce wane nawa ya tafi ba takalmin kirki, wa zai ba shi fura in rana ta take. Ba "wane" na ce ba. Sunan na kira, sau uku, da dukan bakina. Ashe ƙanin mijina, tela a kasuwar Boɗinga, yana bayan zana da rikodarsa mai kaset. Mutum ne da ba abin da ba ya ɗauka, har carar zakara da kukan jaki. Ya ɗauke ni, ya jefa kaset a akwati, ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Yaron can kuwa ya dawo bayan kaka, a rame kamar kara. Abin da na ce da shi, "An dawo?" Na ci gaba da ɓarar wake.

Shekaru sun fi talatin, sai ga jikana, ɗan yaron can, ya taso da wata irin waƙa ta samarin birni da suke ce wa hif-hof. Ba rerawa ake yi ba, magana ce ake zubawa a kan kiɗa kamar mai faɗa da wanda ba a gani. Masu shirya fim a Sakkwato za su yi fim a kan shekarun yunwa da cin rani, suka ba shi aikin waƙoƙin fim ɗin duka, a tara su wuri guda a fitar, abin da suke kira albam. Wajen neman tsofaffin muryoyi ya buɗe akwatin tela.

Ya zo mini a kan babur, yana washe baki. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne.

"Amarya, yau na zo da sadakinki."

"Mijin da ba gona ba shago, sai hayaniya? Aje mu gani."

Ya danna waya. Farko gurzar dutsen niƙa na ji, an mai da ita kiɗa, tana tafiya tana dawowa. Sai muryar wata mace mai ƙuruciya ta shigo. Na ce a raina, baiwar Allah nan tana cikin wani hali. Sai da ta kira sunan, sannan na gane muryata ce. Bayanta ga jikana ya faɗo da zubarsa, yana ba ta amsa a bakin wanda ya tafi.

Na ce, "Kashe. Ka cire wagga waƙa yanzu."

Dariyarsa ta ɗauke. "Kaka, ta riga ta hita. Ita mutane sunka hi so cikin albam ɗin duka."

"Ubanka ya ji?"

Ya sunkuyar da kai. Ya tashi a birni, bai san nauyin abin da ya ɗauko ba. Shi a ganinsa girmama ni ya yi.

Kwana tara ban leƙa waje ba. Ina daga ɗaka nakan ji 'yan kabu-kabu sun wuce ta hanyar Dingyaɗi da muryata a aljihunsu. Aka ce har wajen masu cajin waya a kasuwar Shagari ita ake sawa. Kunyar da na tsare tun ina budurwa, ga ta ana rawa da ita. Amma abin da ya fi ci mini rai, da wane ido zan dubi yaron can? Ya zama dattijo mai fataucin albasa, mai kamewa, wanda tun farko ba ya son sana'ar ɗansa. Na ji tsoron ya ga na zubar da girmana da nasa, ya kuma huce a kan jikana.

Wadda ta fara shigowa maƙwabciyata ce, sa'ata, mai bakin da ba ya raga wa kowa. Na shirya wa gori. Ta zauna, ta daɗe tana murza goro a magogi, sannan ta ce, "Ke, bar ɓoyo. Wace ta cikinmu ba ta hwaɗa ma dutse ba? Ni turmi na hwaɗa mawa. Taki kawai anka kama."

Washegari bayan la'asar na ji sallamar yaron can. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofa inda ya durƙusa a wancan karon. Muka gaisa, muka sake gaisawa, har gaisuwa ta ƙare.

Ya ce, "Inna, na ji."

Na ce, "Ban san mi ka ji ba."

Ya kama jan zaren tabarma. Can ya ce, "Waccan shekara ciwo yat tsare ni Kurmi, wata biyu ina kwance rumfar wani mai goro. Ina lissahin masu yi min kuka in na mutu. Na sa Baba, na sa Kaka, na sa ƙannena. Ke ban sa ki ba. Na san al'ada ta, amma lokacin yaro nike."

Na juya fuskata bango. Na ce, "Da dutse nike magana, ba da kai ba."

Sai ya yi dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun yana goye, hawaye na bin furfurar gemunsa. Ya ce ai dutsen ya riƙe amana, ya dai yi jinkirin isar da saƙo. Ya ce ya sa an tura masa waƙar a wayarsa, matsalarsa guda, hayaniyar ɗansa ta danne wani wuri a tsakiya. Mene ne na ce a nan?

Ina fuskantar bango na faɗa masa. Maganar fura ce. Na tashi na dama masa da hannuna, na miƙa masa, ban aiki kowa ba. Ya shanye ƙwaryar tas. Nauyin da ya sauka daga ƙirjina a ranar, sai da ya sauka na san na fi shekara talatin ina ɗauke da shi.

Har yau ban sake kiran sunan ba, kun ga ko a nan ban faɗa ba, kuma ban ce a zubar da kunya ba. Abin da na koya dai shi ne, in kin rufe bakinki don al'ada, ki bar wa ɗanki wata 'yar kafa da zai leƙa ya ga zuciyarki, ko da ƙwaryar fura ce. Ni na yi sa'a akwai tela a bayan zana. Ba kowace uwa ke samun wannan ba.