Ƙunshin Kaka a Bakin Zaure

Wata Laraba ce, ranar kasuwar shanu, cikin daminar 1996. Na fito da safe zan ɗebo ruwa a rijiya, sai na tarar da ƙunshin kayan Kaka a bakin zaure: zannuwanta uku, ƙwaryar shan furarta, da tabarmar kaba a naɗe. Ina da shekara tara, amma na san abin da ake nufi. Baffa Sani, yayan Babanmu, ya riga ya yanke magana: za a kai ƙanena Abba asibiti yau, gobe Alhamis kuma Kaka ta hau mota ta koma ƙauye. Ban iya karyawa ba.

Gidanmu a Hausari yake, nan Potiskum. Babanmu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, iyayensa daga Kano suka zo. Umma 'yar Ngizim ce, Kaka kuma mahaifiyarta, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin daddawa ba. Ga kuma matar da ke haya a ɗakin baya, Bafulatana, kullum muna tsakar gida tare. Saboda haka tukunya ɗaya sai a kira ta da suna uku kafin tuwo ya nuna. Ni dai ban taɓa jin wannan ya dame ni ba. Abba ne ya kai shekara huɗu bai ce komai ba, ko Umma bai taɓa kira ba.

Ni na yi rainonsa, don haka na san shi fiye da kowa. Idan muna 'yar carafke da ƙawayena, ko gaɗa bayan la'asar, shi yana gindin bango yana jera marafan kwalbar lemo, ja da ja, kore da kore. Ka taɓa ɗaya, sai ihu da buga kai a ƙasa. Idan injin niƙan maƙwabta ya tashi, ya toshe kunnuwa yana karkarwa. A irin wannan lokaci mutum ɗaya ce ke iya masa. Kaka za ta zauna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da yarenta, ba ta ko kallonsa. Shi da kansa zai jawo jiki ya jingina bayansa da nata, har numfashinsa ya daidaita.

An yi rubutun sha, an yi hayaƙi, an kai shi wurin wanzami an duba ko beli ne. Daga ƙarshe Baffa Sani ya gano nasa dalilin. "Yare ya yi wa yaron nan yawa," in ji shi. "A bar masa Hausa kaɗai, harshensa zai warware." Baffa mutum ne da bai taɓa riƙe Abba na minti biyar ba, amma shi ne babba, Babanmu kuma ba ya musu da shi. Abin da kawai Baba ya roƙa shi ne a bari a ga wata likitar yara da aka ce ta zo daga Maiduguri. Umma tana jego a lokacin, ba ta fita. Shi ya sa muka tafi mu huɗu, ni da Baba da Kaka da Abba, ni ce mai yi wa Kaka tafinta.

Hanya ta cika da shanu da manyan motoci, Abba ya ƙanƙame zanen Kaka har muka isa. Likitar 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa. Sai ta yi Turanci, wani malamin asibiti ya juya wa Baba da Hausa, ni kuma in juya wa Kaka. Ta duba kati ta kira, "Haruna." Abba bai waiga ba. Baba ya yi sauri ya ce ai sunan mahaifinsa ne yaron ya ci, babu mai faɗarsa a gida. Ta ce to a kira shi da wanda ya sani. Baba ya kira Abba sau uku, yaro yana can yana kallon fankar sama. Da malamin ya ɗan taɓa mukullai a bayansa kuwa, nan take ya juya. Ta tambaya ko yana kallon mutane a ido. Har yau ina tuna yadda Baba ya gyara zama, da ɗan alfahari a muryarsa. "Ai mu yaranmu ba sa kallon babba a ido. Tarbiyya ce." Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana. Shekara huɗu baƙi suna yaba wa Abba da kunya da natsuwa, mu kuma muna jin daɗi.

Sai likitar ta juyo gare ni. Ta ce ni fa da ba babba ba, yana kallona? Yarinya ba ta gyara maganar ubanta a gaban mutane, kuma Baba yana zaune dab da ni, ina jin ƙamshin turarensa. Na sunkuyar da kai na ce ba ya kallona, ba ya kallon jaririyarmu, ba ya kallon kowa. Ta ce idan yana son ruwa, yana nuna randa da yatsa? Na ce a'a, hannuna yake kamawa ya ɗora a kan murfin, kamar yadda ake ɗaukar moɗa.

Da aka zo kan Kaka ne na fi shiga uku. An tambaye ta ko yaron yana mata magana da yarenta. Ta yi bayani mai tsawo, kuma duk ɗakin ni kaɗai na ji abin da ta ce. Na tsaya ina lissafi a raina. In na ce yana amsa mata, Baba zai ce ga shi nan, yarenta ne ya riƙe masa harshe. In na ce ba ya amsawa, za a ce to zamanta ba shi da amfani. Na nemi ƙaryar da za ta cece ta, ban samu ba. Sai kawai na faɗi abin da ta faɗa: bai taɓa ce mata komai ba, ita ma ba ta matsa masa, waƙa take yi, shi kuma ya zo ya jingina.

Likitar ta daɗe tana rubutu, ta kuma zauna a ƙasa kusa da Abba tana miƙa masa abubuwa tana lura. Baba ya gaji, ya kawo maganar yare. Ta nuna ni da biro ta ce wannan yarinyar, yare nawa take ji? Aka ce uku. Ta ce a gida ɗaya suka tashi, me ya sa nata harshen bai ɗaure ba? Ta ce ba kurma ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, tana ɗaukar duniya ta wata hanya dabam. Ta faɗi sunan abin, otizim, ta ce tana so a kai shi Maiduguri a ƙara dubawa. Baba ya ce, "Ba allura, ba ƙwaya?" Malamin ya ce babu. Abin da likita ta ce kawai, duk abin da yaron ya saba da shi yake samun natsuwa, kada a raba shi da shi.

Muka dawo gida. Hadari ya haɗu ta gabas. Baffa Sani yana zaune a kan benci a ƙofar gida yana jiran labari, ƙunshin yana nan inda na bar shi. Kaka ta wuce ciki, Abba riƙe da zanenta. Baba ya gaida yayansa, ya tsaya ya dubi ƙunshin. Ni kuwa na ƙame a bakin ƙofa. Can ya juyo gare ni ya ce, "Hajara, mayar da kayan nan ɗaki, ruwa zai sauko." Baffa ya ce ai a zaure ruwa ba zai taɓa su ba. Baba ya ce, "Na sani, Yaya." Wannan ne karo na farko da na ga ya tsallake maganar Baffa, sun kuma yi wata biyu ba su ci abinci tare ba.

Abba yana da shekara bakwai ya faɗi kalmarsa ta farko. Ruwa ya nema, da yaren Ngizim, kuma Baba ne ke kusa, bai gane ba sai da ya ƙwala mini kira. Yanzu ina jin ana bayanin abin a rediyo, galahanga suke ce masa, akwai masu duba yara tun suna ƙanana, ko da yake har yanzu ina ganin iyaye suna cewa ɗansu kunya ce da shi. Abba ya girma, shi ke jera yadi a shagon Baba, launi da launi, babu mai taɓa masa. Kaka ta rasu da daɗewa, 'ya'yana kuma ba sa jin yarenta ko kaɗan. Idan hayaniyar kasuwa ta yi wa Abba yawa, yakan jingina bayansa da bango yana rera waƙar nan ƙasa-ƙasa. A duk gidanmu, shi kaɗai ya riƙe ta.