Allon da Na Kafa wa Koci Yancey

A garinmu, idan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejinmu ta sha kashi sau uku a jere, ba a zagin koci a fuska. Allo ake samu a rubuta "Gidan Sayarwa", a je a kafa masa a ƙofar gida. Haka muka taso muka tarar, kuma ba mu taɓa ɗaukarsa abin kunya ba. Ni Purvis sunana, aski ne sana'ata, kuma koci tara na aske kafin Thurman Yancey ya zauna a kujerata.

Ya zo mana yana da shekara hamsin da biyu, garinmu ne na goma sha ɗaya a rayuwarsa. Ya fara ne a matsayin mataimakin koci a Kansas. Da aka ba shi ƙungiya tasa, shekara biyu aka sallame shi. Ya koma wata ƙaramar makaranta ya ci kofi, babbar jami'a ta ɗauke shi, hotonsa ya fito a jaridu, bayan shekara uku suka nuna masa ƙofa. Daga nan sai gangara, har ya faɗo kanmu a Mississippi.

Gidan da ke kallon nawa suka saya. Matarsa Ardella doguwa ce mai bakin tsiya, ita ma Koci take kiransa. Wata shida da zuwansu na shiga gidan, na ga bango fayau babu hoto ko ɗaya, kwalaye jibge a ɗaki ba a buɗe ba.

"Madam Ardella, ba za ki kwance kaya ba ne?"

"In kwance don wa? Ku da kuke sake koci kamar safa?"

A kakar wasansa ta biyu aka kafa musu allo. Ta fito da rigar barci da safe, ta tumɓuke shi, ta ɓalle sandar ta ɗaure tumatirinta da ita. Ta hango ni ta ɗaga murya: "Purvis, ka gaya wa 'yan zaman shagonka su ƙaro uku, tumatirin da yawa!"

A shekara ta biyar muka ci kofin yankinmu, abin da ba mu gani ba tun ina saurayi. Yara suka sheƙa masa ruwan ƙanƙara a ka, suka ɗaga shi sama da hulunan kwanonsu a hannu. Satin nan na ga Ardella durƙushe a tsakar gida tana dasa itacen pikan, mai 'ya'ya kamar gyaɗa, bai fi tsawon gwiwata ba.

"Wannan fa sai ya shekara goma kafin ya yi 'ya'ya," na ce mata.

"Na sani," in ji ta. "Na gaji da tumatir."

Ranar ta rataye hotuna. Shekara ɗaya da rabi bayan haka ciwo ya kwantar da ita, kafin bazara ta wuce ta rasu. Koci ya binne ta a maƙabartar bayan majami'armu, ya sa aka sassaƙa dutsen kabari mai faɗi: sunanta a hagu, nasa a dama da ranar haihuwarsa, aka bar gurbin ranar mutuwa. Ba su haihu ba. Kowace Lahadi bayan sujada yana can yana cire ciyawa.

Sai ƙwallo ta juya masa baya. Manyan 'yan wasansa suka gama karatu, sababbin ba su kai ba. Kaka ta bakwai wasa huɗu muka ci cikin goma sha ɗaya. Ta takwas ta fi muni. Wata Alhamis yana kan kujerata, shagon babu kowa, ya ce da ni ta madubi:

"Purvis, sau goma na tashi ban waiwaya ba. Amma wannan karon idan na tafi, wa zan bar wa Ardella?"

Na ce, "Haba Koci, ina za ka? Kai namu ne."

Asabar ɗin nan abokan hamayyarmu na tsallaken kogi suka zo har gida suka ci mu, su arba'in da biyar, mu uku. Surukina daga can yake, ya yi ta yi min dariya har na kasa cin abinci. Ina da zuciya, kowa ya sani. Washegari Hoyt Tillery, wanda ya fi kowa surutu a shagona, ya zo da katako a bayan motarsa.

"Kai ne mai hannu," in ji shi. "Rubutuna ko kaza ba ta karantawa."

"Maƙwabcina ne fa, Hoyt."

"To shi ne me? Na gabansa ma maƙwabcin wani ne. Al'ada ce, ba gaba ba."

Na ɗauko jan fentin da nake rubuta allon shagona da shi, na zauna na tsara rubutun kamar za a biya ni. Muka kafa shi da rana tsaka, kusa da itacen pikan. Mun san ba ya gida, domin ran Lahadi ce, mun san inda yake.

Ran Litinin kwaleji ta sallame shi. Ba allona ya kore shi ba, na sha gaya wa kaina haka. Kocin da aka kora ba ya zama a gari, ko burodi ya je saya sai an bi shi da ido, shi kuma ban da ƙwallo bai iya komai ba. Wani tsohon ɗalibinsa ya samo masa aikin mataimaki a Dakota ta Arewa, tafiyar kwana biyu a mota.

Bayan sati biyu na fito na ga allona tsaye a ƙofar gidansa. Ya ƙara lambar waya a ƙasa da baƙin alƙalami. Yana loda kwalaye a mota, ya yafito ni.

"Dillali ya kawo nasa, na ce ya mayar," in ji shi. "Naka ya fi kyau. Shekara takwas ina kallon rubutun nan a saman shagonka."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Koci, ni dai..."

"Bar shi, Purvis. An yi min a Kansas, an yi min a Texas. Ban dai taɓa sanin mai hannun ba sai yanzu." Ya goge gumi. "Abu biyu nake roƙo. Itacen nan yana son ruwa a watan Agusta. Ita kuma ba ta son ciyawa ta taɓa dutsen."

Sau biyu ya zo ziyara, duka a watan Yuni, ya kwana a masauki ya koma. A shekara ta huɗu da tafiyarsa zuciyarsa ta tsaya a filin atisaye. 'Yan wasansa na can suka binne shi a can, da girmamawa, in ji su. A can babu wanda ya san da dutsen, kuma labari bai iso mu ba sai bayan wata guda. Na rubuta wasiƙu, aka ce sai dangi ne ke da ikon a ɗauko shi, dangin kuwa babu.

Koci uku muka yi bayansa. Hoyt ya sake zuwa da katako sau ɗaya, na kore shi da tsintsiya. Itacen ya fara 'ya'ya, mutanen gidan sukan aiko min da kwando guda, ban taɓa iya ci ba. Ran Lahadi ina ɗaukar tsohon almakashina in je bayan majami'a in rage ciyawar da ke gefen dutsen. Nakan fara da ɓangarenta, sannan in koma nasa, inda babu kowa a ƙasa.