Malamar da ta cire takalmi

Bintu mai ƙosai ba ta san sunan matar ba. Ta dai ji ɗaliban lauya da suka zo tashar Gaya ba da shawara kyauta suna ce mata Malama. Gajera ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Ga wani tsoho daga Kademi a kan tabarma, an ci masa iyakar gona. Ɗalibi na tsaye a kansa yana jero tambayoyi, tsohon ya yi gum.

Malama ba ta tsawata ba. Takalmi ta cire, ta durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya damina? Ya iyali?"

Sai da gaisuwa ta yi nisa sannan tsohon ya fara labarin gambar iyaka da aka tuge. Malama ta dubi ɗalibin.

"Zauna, Tukur. Ba a karɓar kukan babba a tsaye."

Bintu na juya ƙosai, tana raya cewa Malamar nan 'yar manomi ce, ta taɓa ganin ubanta ya yi gum a gaban 'yan boko. In Umaima, 'yar Bintu, ta sake tada maganar karatun lauya, yau ba za ta ji a'a ba.